Anti Bilki, Ba Sabis Ba Ne

Anti Bilki ta rasu.

Yau da safe ina wanke-wanke na ji Inna ta saki salati a ƙofar ɗaki, waya na hannunta. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Bilkisun Hajiya ce. Da asuba, a asibiti a Kano."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan wayar Yayana ce, roƙonshi na yi ya ara mani. Ban taɓa rubuta komai a nan ba. Duk wanda ya san ni a Kusada ya san ko gaisuwa zan yi sai an ce in ɗaga murya. Amma akwai abin da na yi ma Anti Bilki wanda ban gyara ba, shi ya sa nake wannan rubutun.

Ga wanda bai san ta ba: gidansu na kallon namu. Injiniya ce a wani kamfanin waya, a Kano take aiki. Mutanen unguwa sun ɗauka hawan ƙarfen sabis take yi. In ta zo hutu, tsofaffi su riƙa miƙo mata wayoyinsu, wai ta ƙara masu sabis. Takan yi dariya ta ce, "Baba, ni ba a kan ƙarfe nake ba, ina can cibiya. Ƙarfen nan kunne ne kawai. In ya ji kiranka, wurinmu yake turo shi, mu nema mashi hanya."

Ita kaɗai ce take ce mani Malama Shiru.

Ba ta taɓa yin Sallah a gida ba tunda na yi wayo. Mata kan yi gulma, wai aiki ya fi mata uwa. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ta dalili. Ta ce ranar Sallah kowa na kira, kowa na tura hoto da bidiyo, hanya takan cushe, dole wani ya zauna gaban na'ura yana raba cunkoson. Ta ce, "In kin ji an wuni ba wanda ya zagi kamfaninmu, to ranar na yi aiki."

A wurinta na fara jin cewa komai nasu biyu ne. In na'ura ɗaya ta mutu, akwai wata a wani gari da ke karɓa kafin mai magana ya gama cewa salamu alaikum.

Bara, da na shiga aji ɗaya na sakandare, ita ta kawo mani jaka. Cikin aljihun jakar na samu biro huɗu da tuwon madara. Ban iya yi mata godiya da baki ba, sai Inna ce ta yi.

Hutun da ta zo na ƙarshe, Malam Sani mai koya mana kimiyya ya ce za a yi gasa a makaranta. Kowa ya haɗa wani abu da hannunshi, ya tsaya gaban mutane ya yi bayani. Wanda ya ci zai wakilce mu a Kankia. Ni ban sa sunana ba. Inna ce ta faɗa ma Anti, ita kuma ta aiko a kira ni.

"Malama Shiru, me za ki haɗa?"

Na ce ba komai.

"To gobe za ki raka ni Kankia."

Ranar kasuwa ce. Muka tsaya bakin titin Kano zuwa Katsina. Motocin hatsi, bas-bas, 'yan acaɓa, mai tura kura, kowa na son wucewa lokaci guda. Can baya ga motar asibiti tana ta jiniya, ba wanda ya iya matsa mata.

Anti ta ce, "Kin ga wannan? Haka netwok yake ranar Sallah. Bidiyon rawa da kiran ungozoma daga ƙauyen Dudunni duk layi ɗaya suke bi. To yanzu da titin nan naki ne, ya za ki yi?"

Na daɗe ina kallon ƙasa. Sannan na ce, da sai in ware ma motar asibiti gefe guda, kada kowa ya shiga ko da babu kowa a kai.

Ta buga mani kafaɗa har na yi taga-taga. "Ke! Abin da muke ta koyo a ofis ke nan. Sunanshi slicing. Netwok ɗaya ne, amma a yanka shi kashi-kashi. Na asibiti daban, na masu cirar kuɗi daban, na masu kallon bidiyo daban. In na bidiyo ya cushe, bai shafi na asibiti ba." Ta ce ba a kai ga yin haka ko'ina ba tukuna, amma shi suke shiryawa, kuma burinta ta ga ya iso ƙauyukanmu.

Kwana uku muka yi a tsakar gidan Hajiya muna haɗa titin da karan dawa da kwali. Muka ja layi uku da alli. Ƙwayar wake ita ce kira, tsakuwa ita ce bidiyo, jan maɓalli shi ne kiran asibiti. Akuyar Hajiya ta cinye mana rabin waken. Anti ta ce, "Kin gani? Shi ya sa muke ajiye komai biyu."

Ta sa na yi bayanin sau bakwai a gabanta. In na sunkuyar da kai sai ta ce, "Ƙasa ba ta cikin alƙalai, Malama."

Ganina da ita na ƙarshe a tashar Kankia ne, ni da Inna muka raka ta. Ta shiga bas, ta leƙo ta taga tana tari kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Ranar gasa zan kira wayar Inna. Ko kin ci ko ba ki ci ba, ni dai in ji kin tsaya."

Na gyaɗa kai.

Ban tsaya ba.

Ranar Laraba, ranar gasar, na ɗauki titina har makaranta. Da na ga taron, ga malamai, ga iyaye, ga lasifika, sai na juya da baya. Malam Sani ya kira sunana sau uku. Ina jin shi, ina bayan ajinmu a tsugune da kwalin a cinyata. Da aka watse na lallaɓa na dawo gida, na tura shi ƙarƙashin gado.

Da la'asar Inna ta tafi barkar suna, ta bar wayarta a caji. Wayar ta fara ringin. Na duba, Bilkisu.

Na tsaya ina kallonta har ta tsinke.

Ta sake kira. Ta ƙara.

Sai na yi abin da kowa ke yi a garin nan in ba ya son ɗaukar waya. Na rubuta mata: "Anti yi haƙuri, sabis ne ba kyau a nan."

Ku dubi wauta. Duk duniya na rasa wadda zan yi ma ƙaryar sabis sai ita.

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo. Na haddace ta:

"Malama Shiru, kiran da sabis ya hana ba ya ringin har ya gaji. Kada ki ɓata mana suna, yau mun yi aiki. Ba faɗa zan yi ba. In kin shirya ki kira ni, layinki a ware yake."

Kunya ta rufe ni. Na goge saƙon, na goge kiran, don kada Inna ta gani.

Kwana tara ke nan. Kullum sai in ce gobe. Na ce bari sai na samu abin kirki da zan faɗa mata tukuna. Da Hajiya ta tafi Kano aka ce Bilkisu ce ba ta jin daɗi, na ɗauka zazzaɓi ne irin na kowa.

Yau a gidan makoki na ji ana cewa tun waccan Talatar, ana gobe gasa, aka kwantar da ita. Ke nan daga gadon asibiti ta kira ni. Da ciwonta ta tuna ranar gasar wata yarinya, ni kuma lafiyata lau na kasa danna maɓalli ɗaya.

Na faɗa ma Inna komai ɗazu. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Da ba ki goge ba, da na kira ta na ji muryarta ni ma."

Wannan ya fi duka ciwo.

Anti Bilki, ba sabis ba ne. Ni ce. Kiranki ya iso sau uku, tsaf, kamar yadda kike so kowane kira ya iso. Ki yafe mani.

Na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Kara biyu sun karye, na ɗaure su da zare. Jan maɓallin na nan. Na sa Yaya ya kira Malam Sani, kuma ni da kaina na karɓi wayar na yi magana. Ya ce gasa ta wuce, an riga an kai sunan wani Kankia. Na ce na sani. Ya ce to ranar Litinin bayan taron safe zai ba ni minti biyar gaban makaranta.

Wataƙila muryata ta yi rawa. Amma zan tsaya, kuma ba zan kalli ƙasa ba.

Ya Allah, Ka gafarta ma Bilkisu. Yadda ta shekara tana buɗe ma kiran mutane hanya ba tare da sun san ta ba, Ka buɗe mata hanya marar cunkoso zuwa Aljanna. Ka haskaka kabarinta. Ka ba Hajiya haƙuri.

Don Allah duk wanda wannan rubutu ya isa wayarshi, ya tsaya ya yi mata addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni ma ku sa ni ciki saboda Litinin.

In kuma akwai wanda ya kira ku ba ku ɗauka ba, ku kira shi yau. Sabis na nan.