Takalman da Ban Taɓa Cirewa Ba

Da za a ɗora mini Alƙur'ani, da na rantse cewa na taɓa cire takalmana na ba kakata a cikin ruwan sama. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗauke da wannan rana, kuma duk abin da nake tunawa game da ita babu wanda nake ji da shi kamarsa.

Mun fito daga gidanmu na Koki za mu Yakasai wajen danginta, kafin mu yi rabin hanya ruwa ya kece. Lungu ya cika, sai takalminta ya tsinke. Ta dafa katanga, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana dariya. Na cire nawa na ajiye mata, na taka taɓo. Har yau ina jin sanyinsa a tsakanin yatsuna.

Ranar sadakar ukunta, bayan an shafa addu'a, na shiga cikin gida gaishe da mata. Ana ta faɗin alherinta, ni ma na ga ba za a bar ni a baya ba, na kawo labarin takalmi har da gyaran murya. Goggona, 'yarta ta fari, ta bari na kai aya, sannan ta ce:

"Kai Baba, wane kai? Ai mahaifinmu ne. Ganin gida ya raka ta tana amarya. Ni ma ba a haife ni ba, balle ubanka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana uku da binne ta, ga shi ana neman ƙwace mini ɗan abin da ya rage.

"Goggo, ni fa na taka taɓon nan."

"To, takalmin naka ya shige ta?"

"Yawa ma ya yi mata, jan sa take yi."

"Kana ɗan shekara nawa?"

Na sake leƙa ranar a zuciyata. Daga sama nake kallon mayafinta. Na fi ta tsawo nesa ba kusa ba, kuma fuskar da ke dariyar ta yarinya ce.

Kakana ya rasu ina ciki, aka sa mini sunansa. Babu mai iya faɗin sunan a gidan, kowa Baba yake ce mini, ban da kakata. Ita Malam take kirana, kamar yadda take kiransa. A kwanonsa take zuba mini tuwo, ta tsokane ni da cewa mijin nata ya yi rowar cefane. Da zarar hadari ya haɗo kuwa, sai ta jawo ni bakin ƙofar ɗakinta ta ce, "Malam, ka tuna ranar da ka ba ni takalmanka?" Ni kuma in ce na tuna. Kowace damina haka.

Wani abokina da ke koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ya ce wannan ba baƙon abu ba ne. Wai ƙwaƙwalwa takan riƙe labari ta mance bakin da ya faɗa, kuma duk tunawa sabon yaɓe ne, kamar katangar ƙasa bayan damina. Shi ko a jikinsa. Ni kam har yanzu abin ya fi ƙarfina. Mutumin da ko hotonsa ban taɓa gani ba, na san abin da ƙafarsa ta ji. Ikon Allah ke nan.

Bayan arba'in na je gaishe da Goggo. Na miƙe zan tafi, ta ce in zauna.

"Baba, ni a bakin maƙwabta na ji cewa ran nan mahaifinmu ya dawo gida ba takalmi. Ka san 'yar fari ce ni, ko sunana ba ta kamawa, balle ta yi irin wannan hira da ni. Da ta tsaya tana dariyar nan, me ya ce mata?"

Ban ko yi tunani ba.

"Ce mata na yi, taka a hankali, ba sauri muke ba."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can ta ce, "Haka yake ce mana in za mu makarantar allo. Sake faɗa mini."

Na sake faɗa mata.