Golan da Dada ta ƙi faɗin sunansa

Kakata Dada ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatanar Dukku ce ta ainihi, kunyar ɗan fari a jininta take. In tana nemansa sai ta ce, "Ku ce wa wancan ya zo." In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Mu yaran gida a unguwar Dawaki ta Gombe abin dariya muka ɗauke shi, har kwaikwayonta muke yi a bayan ɗaki. Sai da na fara wayo na lura Baba ba ya cikin masu dariyar.

Da an idar da sallar isha'i, an kwashe tuwo an bar garwashi a murhu, nan muke kewaye ta, ni da ƙannena, kowa da masararsa a bakin wuta. Tatsuniyar kura da zomo akwai ta, amma abin da muke naci a kai shi ne labarin kofi, wato wasan ƙarshe na ƙwallo da kwalejojin yankinmu suke bugawa duk shekara. Tsohuwar nan ba ta san bambancin bugun kwana da na fenariti ba, amma tarihin wasan yana bakinta kamar sunayen shanun babanta. In muka tambaye ta inda ta samo, sai ta ce 'yan tallan gyaɗa ne suke kawo mata.

"To ga ta nan," in ji ta, "amma yau babu kura. Mutane ne, kuma duk sun fi kura hauka."

Ta ce da farko makarantu biyu ne kawai, ta horon malamai da ta koyon sana'a, ƙafa ba takalmi, kofin ma na katako ne. In aka tashi canjaras har magariba ta yi, sai alƙalin wasa ya jefa kwabo sama, wanda Allah ya ba shi ya ɗauka. Daga baya samarin ƙasar Tangale suka shigo, masu gudu ba gajiya, suka riƙe kofin shekara da shekaru har mutanen gari suka fara cewa asiri ne. Akwai shekarar da ruwa ya yi dare guda, kwari ya cinye rabin filin da turakun raga, dole aka koma bayan tasha aka kewaye da zana. Akwai kuma wadda alƙali ya busa usur na ƙarshe yana kan kekensa, don ya san abin da ya shuka.

Duk wannan share fage ne. Abin da muke jira shi ne shekarar da aka daina jefa kwabo aka koma bugun fenariti, shekarar da makarantar malamai ta ƙwato kofi daga hannun Tangale. Babu wanda bai san golan ranar ba. Har a teburin mai shayi Gola ake kiran Baba, ga ɗan ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yana ba da shaida. Da Dada ta doshi wannan shekarar sai ka gan shi ya fito da rediyonsa ya zauna a bakin ƙofa. Ya murɗa, ya kashe, ya tashi ya duba randa, ya dawo. Magidanci da furfura, amma ya kasa zama wuri ɗaya, yana jiran uwarsa ta ce shi ne.

Ita kuwa kullum sai ta ce, "Sai wani yaro ya tsaya a bakin raga."

Wani yaro. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Har addu'a nake yi harshenta ya suɓuce.

A daminar ƙarshe da ta yi da mu idanunta sun yi rauni, an kuma tsayar da magana Baffa, ƙanen Baba, zai zo ya mayar da ita Dukku ranar Juma'a. Kowa ya san ba lallai ta sake dawowa Gombe ba. Daren Alhamis muka roƙi labarin kofi. Baba ya fito tun ba a kai ga kwabo ba, ko kunna rediyon bai yi ba.

Tana cewa "wani yaro", ƙanwata Halima, wadda bakinta ba shi da linzami, ta katse ta.

"Dada, yaron nan Baba ne ko?"

Umma ta yi gyaran murya daga cikin ɗaki. Masarata tana ƙonewa, na kasa juya ta.

"Ni ina na sani?" in ji Dada. "Ɗan mutane ne. Ni ta ɓular zana na leƙa."

Na ce, "Dada, ashe kin je filin? Ba 'yan talla ne suka faɗa miki ba?"

Ta daɗe tana tona garwashi da tsinke. "Akuyata ce ta ɓata, na bi sawunta. Na tarar an buga masa, ya yi tsalle ya tare, ya faɗi a kan hannu. Kowa na ihu, an ɗaga shi sama, ba wanda ya kula da yatsan. Na ce a raina, yaron nan ko kunu bai sha ba ya fita, da me zai riƙe wannan ciwo?"

Can sai Baba ya yi magana, idonsa a kan rediyo, don shi ma ba ya yi mata magana kai tsaye a gabanmu.

"Ba mu da akuya a shekarar."

Dada ta dubi wutar ta ce, "Shi ya sa ban same ta ba. Ƙurunƙus, ku ɗaga mini tabarma, ƙafata ta yi tsami."

Ta koma Dukku, can ta rasu. Na yi shekaru ina ba da wannan labari da murmushi, ina cewa ai ga ƙauna irin ta mutanen da, wadda ba ta buƙatar baki. Sai bana, da nawa ɗan farin, Sadiƙu, ya kai wasan ƙarshe da kwalejinsu, na je gaida Baba na tayar da zancen. Na ce, "Baba, ai abin da ta faɗa daren nan ya ishe ka ko?"

Ya shafa yatsan ya ce, "Na ji daɗi, Asma'u, Allah ya sani. Amma da ta faɗa. Ko sau ɗaya ne."

Maganar nan ta hana ni sukuni. Ba na ganin laifin Dada, abin da ta tarar ta riƙe, kuma ta kai ƙafarta inda mace irinta ba ta zuwa. Amma ni ma abin da na tarar na riƙe ba tare da na taɓa tambayar kaina ba: "yaron nan" nake ce wa Sadiƙu tun yana goye.

Ranar wasan na tafi filin, na kutsa cikin samari har bakin layi, ina jan mayafi, kunya kamar ta kashe ni. Da ya zo ɗaukar jifa kusa da ni na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na sake gwadawa, na kira shi da ƙarfi. Ya waiwayo yana dube-dube cikin jama'a, idonsa ya bi ta kaina ya wuce. Bai gane muryar ba, don bai taɓa jin sunansa a cikinta ba.