Maman Justin da Baƙinta Masu Sayen Acca

Shekara talatin da biyu Faustina ta yi tana buga tafireta a sakateriyar ƙaramar hukuma a nan Kafanchan. Mu da muke layi ɗaya da ita ba ma kiran wannan suna. Maman Justin muke cewa, don ɗanta, wanda shi kaɗai Allah ya bar mata. Yawancin aikinta takardar shaidar asali ce: sunan yaro, sunan ubansa, ƙauyensu, gundumarsu. Mutum ba zai yi shekara talatin yana buga irin wannan ba, ya fita bai san gidajen mutane ba. In ka faɗa mata sunan kakanka, sai ta ɗan rufe ido, ta gaya maka ko ku mutanen Fadan Kaje ne ko na wajen Godogodo, da wadda baffanka ya aura.

Da kwamfuta ta shigo ofis, aka ba matasa, ita aka matsar da teburinta kusa da taga. Ba ta yi ƙorafi ba. Ranar da ta yi ritaya aka ce ta tafi da tsohuwar tafiretar, tunda ba mai taɓa ta. Ta kawo ta gida a bayan acaɓa, ta ajiye a falo ta rufe da zane.

Mijinta, Malam Bartholomew na reluwe, ya riga ya rasu. Shi ya gina gidan, ɗaki uku da rijiya da mangwaro ɗaya a tsakiya. Justin yana aiki a Abuja da iyalinsa. Da ya zo hutun Ista ya tarar da uwarsa zaune a gindin mangwaro ba abin yi, sai ya ce ta haɗa kayanta ta koma wurinsa ta huta, gidan kuma a sa 'yan haya. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Ita kuwa ta san abin da hutu yake nufi a bene hawa na uku, inda ba mai leƙowa ya ce ina kwana.

Ta ce masa ba za ta iya ba, tana da sana'a. Ya tambaye ta wace sana'a. A lokacin ƙwaryar acca ce a gabanta tana wankewa don tuwon rana, sai ta ce acca take sayarwa. Justin ya yi dariya, amma yaro ne mai ladabi. Ya ce to, in sana'ar ta tsaya da ƙafarta kafin Kirsimeti zai bar ta, in ba ta tsaya ba zai zo da mota. Kafin ya tafi ya buɗe mata shafi a Fesbuk, ya nuna mata yadda ake sa hoto da yadda ake amsa saƙo a Watsaf. Ina jin ya yi haka ne don kada a ce bai ba ta dama ba.

Wanda bai san acca ba ba zai san wahalarta ba. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashin da take zuwa da shi. Sai an zuba ruwa an yi ta rairayewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan, a hankali, har yashin ya kwanta a ƙasa shi kaɗai, sannan a shanya. Yaranmu da ke Legas da Fatakwal suna marmarin gwate da kunun acca, amma ba su da ƙwarya, ba su da lokaci, wasu ma ba su da hannun. Maman Justin tana da duka ukun.

Ta jingina wayar a jikin turmi ta ɗauki hannuwanta suna rairaya. Ba kiɗa, ba magana, sai ƙarar ruwa da kaza a nesa. A ƙarƙashin bidiyon ta yi rubutu da yatsa ɗaya, ita da ta saba da yatsa goma. Ta sa kwanan wata a sama, ta gaida jama'a, ta sanar da su cewa akwai acca wankakkiya ba yashi, ta rufe da cikakken sunanta kamar takardar ofis. Takardar da ake liƙawa a jikin leda kuwa, a tafireta ta buga ta. Ranar muka fara jin ƙarar tafiretar a layinmu.

Cikin mako biyu saƙonni suka fara shigowa. A nan ne matsalar ta fito, kuma ba daga acca ba.

Duk wanda ya rubuto, bayan gaisuwa, sai ta tambaye shi ɗan gidan waye. Haka aka rene mu, ba ka magana da yaro ba ka san gidansu ba. Shi kuma sai ya faɗa. Sai ta rufe ido ta gano cewa ita ta buga wa ubansa takarda, ko sun yi zumuntar mata a coci da uwarsa, ko kakansa ya yi aikin gyaran layin dogo tare da Malam Bartholomew. To yaron da ka san uwarsa, yana ƙasar wasu, ya ce yana marmarin abincin gida, ta yaya za ka faɗa masa farashi? Sai ta ɗaure mudu biyu ko uku, ta kai tasha, ta ba direba, ta rubuta wa yaron cewa tsaraba ce, ya gaida yara.

Maƙwabciyarta Amaka, wadda aka haifa a kwatas ɗin reluwe kuma take da shagon kayan masarufi a bakin layi, ta zuba ido har wata guda, sannan ta kasa haƙuri. Ina zaune a bencin shagon ranar.

"Maman Justin, kasuwa kika buɗe ko gidan marayu?"

"Yaron jikan Malam Levi ne fa, na Fadan Kaje."

"To ni ma jikar wani ce. Yaushe za ki aiko mini nawa?"

Maman Justin ta yi dariya ta ce Inyamurai ba su san kunya ba. Amaka ta ce kunyar ce za ta kai ta Abuja a kujerar baya. Sun saba irin wannan tun suna 'yan mata, ba wanda ya riƙe a rai.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, saƙonnin suka ragu. Waɗanda aka aika wa suka yi godiya mai yawa, wasu har da addu'a, amma ba wanda ya dawo karo na biyu. Zuwa watan Agusta wayar tana yini ba ta yi motsi ba. Maman Justin ta ɗauka yashi ne ya kuɓuce mata, yaran suna jin nauyin faɗa. Ta dafa tuwo ta kawo mana gida, ta zauna tana kallon bakina da na matata har muka cinye. Muka ce ba ko ƙwaya ɗaya. Ba ta yarda sosai ba. Ta ƙara ruwan rairaya daga uku zuwa biyar. A wannan watan ne matata ta ga ta sauko da akwatunan ƙarfe daga saman kwaba tana goge su, ta kuma fara tambaya ko akwai mai son kaji.

Sai a watan Satumba baƙi suka fara zuwa. Wani ya rubuto daga Legas, da ta tambaye shi gidansu ya ce shi baƙo ne, ba za ta san su ba. Wata daga Fatakwal ta ce ita 'yar Kwara ce, a wurin maƙwabta ta ɗanɗana acca. Wani ya ce shi daga Binuwai yake. Baƙo kam ba kunya tsakaninka da shi, sai mutunci. Ta faɗa musu farashi, suka biya, ta aika, suka dawo, suka kawo wasu baƙin. Ta riƙa mamaki a gabanmu yadda duniya ta waye, har mutanen Kwara sun san a haɗa musu da busasshiyar yakuwa da gauta don gwate. Amaka ta dube ni, ni kuma na dubi titi.

Da kaka ta yi, sabuwar acca ta shigo kasuwa, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta ɗauki mata biyu daga cocinsu suna taya ta wanki da shanya. Akwatunan suka koma saman kwaba.

A watan Nuwamba aka yi wani aure a Godogodo, ta je tare da matan zumunta. Bayan an fito daga sujada ana rabon abinci, sai ta ji wata murya a bayanta tana yi wa yara faɗa da yaren gida. Ta san muryar. 'Yar Kwaran nan ba ta son rubutu, saƙon murya take aikowa, kuma Maman Justin ta saurare ta fiye da sau ashirin. Ta juya. Mace ce matashiya da ankon biki, fuskarta kuwa ba sai an tambaya ba, fuskar gidan Malam Silvanus mai wa'azi ce. Maman Justin ta gaishe ta, ta tambaye ta yaya mutanen Kwara.

Yarinyar, Irene sunanta, ta ajiye kular da ke hannunta ta durƙusa har ƙasa. Ta ba da haƙuri. Maman Justin ta ce ba haƙuri take nema ba, dalili take so ta ji, don ba ta san abin da ta yi wa yaran gida da za su ɓoye mata iyayensu ba.

"Mama, sau ɗaya kika aika wa yayana kyauta," in ji Irene. "Tun da ta ƙare yaransa suke tambayar kunu, shi kuma ya kasa buɗe baki. In ya sake rubuto miki, roƙo ya zama. In ya tura kuɗi, ya raina tsarabarki. Haka duk muka maƙale."

Ta ce suna da zaure a Watsaf na 'yan gida mazauna nesa, a can aka yi ta maganar, har wani ya kawo shawara cewa duk wanda Mama ta tambaya gidansu, ya ce shi baƙo ne. Wasu har lambar abokan aiki suka ara. Mutumin Binuwai ɗin ma yayan nata ne.

A mota, kan hanyar dawowa, matan suna ta waƙa, ita tana lissafa baƙinta ɗaya bayan ɗaya a zuci. Washegari ta zo wurin matata ta ce wata uku tana cin kuɗin yaran da ta san iyayensu, da wane ido za ta dubi tsohuwar Irene. Ta yi maganar mayar wa kowa abinsa. Amaka da ta ji ta ce ta mayar, sannan ta sauko da akwatunan, ita za ta taya ta ninke zannuwa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Saura mako biyar Kirsimeti.

Kwana shida wayar tana cikin aljihun tebur. Matan nan biyu suka zo suka koma ba aiki. Ba mu ji tafireta ba. Ni dai in na wuce sai in gaishe ta ta kan katanga, in tambayi mangwaro ko ya fara fure, ta amsa, in wuce. Akwai abin da mutum shi kaɗai yake rairaye shi.

A rana ta bakwai ta kunna wayar don ta kira Justin. Kafin ta nemo lambarsa, saƙon murya ya shigo daga Fatakwal. Irene ce, da muryarta ta kullum, ba ta ambaci Godogodo ba ko da kalma ɗaya. Ta ce ita ce 'yar Kwaran nan, tana gaida Mama, tana son mudu biyar kafin biki, da yakuwa in akwai.

Maman Justin ta zauna ta amsa mata. Daga baya ta nuna wa matata amsar da ta rubuta, shi ya sa na san abin da ke ciki. Ta sa kwanan wata a sama. Ta gaida baƙuwarta ta Kwara, ta sanar da ita cewa an karɓi saƙonta, ta faɗi farashin mudu biyar ba ragi, da ranar da mota za ta tashi. A ƙasa, bayan sunanta, ta ƙara layi ɗaya: "In kin haɗu da wani ɗan Godogodo a can, ki ce ina gaida tsohuwarsa."

Tun daga nan haka ake yi. Tana tambaya, don ba za ta iya bari ba. Su kuma suna amsawa, wannan daga Kogi, wancan daga Neja. Wani mai rashin ji ma ya ce shi ɗan Gana ne. Sai ta ce madalla, Allah ya kiyaye baƙo a ƙasar mutane. In ta zo ɗaure kaya, ledar wasu baƙin takan ɗan fi nauyi, da ɗan ƙullin citta ko gyaɗa a gefe, gwargwadon yadda take da uwar baƙon. Amaka tana gani, ta daina magana.

Justin ya iso ana jibi Kirsimeti, ya cire kujerun yara daga bayan mota don a sami wurin akwatuna. Ya tarar da tsakar gida ba wurin taka ƙafa, tabarmi shimfiɗe da acca tana shan rana, matan aiki, yanzu su uku, a bakin rijiya da ƙore, uwarsa a falo tana buga takardun leda. Ya tsaya a ƙofa da makullin mota a hannu. Ta ce ya shigo ta gefen katanga, kada ya zuba mata ƙasa a kaya.

Sun yi magana bayan sujadar Kirsimeti, su biyu, a gindin mangwaro. Ban ji abin da suka faɗa ba, kuma ban tambaya ba. Ranar da zai koma dai na fito na ga bayan motar cike da ledoji, goma sha huɗu na mutanen Abuja, kowace da lambar wayar mai ita. Uwarsa tana tsaye a bakin tagar motar tana ja masa kunne, cewa in ya je miƙawa ya ga fuskar da ya sani, ko da wanda suka yi makaranta tare ne, ya ba shi kayansa ya gaishe shi kamar yau suka fara haɗuwa.

Ya ce ya ji. Motar ta fita layi a hankali saboda ramuka. Ita kuma ta koma ciki, don rana ta juya, akwai tabarma biyu da za a ja zuwa wancan gefen.