Hudar da Na Yi wa Faifan Birkin Bala

Akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin kanikanci, kuma gara ku ji ta daga bakina, tunda ni na yi ɓarnar. Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, ina aiki a wani gareji a Yelwa ƙarƙashin Malam Ɗanjuma. Shi ne maigida, ni ke biye masa: idan ba ya nan, ni ke karɓar mota. Amma yana da doka ɗaya. Duk motar da aka taɓa birkinta, ba ta barin gareji sai ya duba da idonsa.

Cikin masu kawo mana aiki akwai Bala, direban Fijo a-kori-kura. Yana ɗauko kifi da mata 'yan kasuwa daga ƙauyukan bakin tafki ta wajen Ngaski zuwa Yelwa. Bala ɗan gayu ne na ƙarshe, motar kifi ce amma kullum tana ƙyalli. Sai ya samo wasu rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, masu faɗin taga, waɗanda ake hango cikin taya ta cikinsu. Abin da ake hangowa kuwa faifan birki ne mai tsatsa, kuma wannan ya dame shi ƙwarai.

Ga wanda bai san aikin ba, faifan birki ƙarfe ne kamar faranti, yana juyawa tare da taya. Idan an taka birki, takalma biyu ke matse shi, mota ta tsaya. Wannan matsar takan sa shi zafi har hannu ba ya taɓuwa da shi.

Ranar da maigida ya tafi suna Shanga, Bala ya zo da kalanda mai hoton motar tsere. Ya ce, "Sani, dubi faifan ga, duk huda-huda. Haka nika son nawa. Ko sai Malam ya dawo, kai ba ka iyawa?"

Wannan "ba ka iyawa" ita ta ci ni. Na cire fayafayan gaba biyu, na auna da alli, na yi wa kowanne huda goma sha biyu da injin huda. Na sa sababbin takalma, na shafe mariƙinsu da jan fenti. Gaskiya ta yi kyau. Na gwada ta a titi, birki na ci sarai, na ba shi makulli ba tare da jiran kowa ba.

Washegari da safe na ba maigida labari, har da ɗan alfahari. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Ina Bala ka wanke motar nan?"

"A bakin ruwa, kafin lodi."

"Da zafinta, ko sai ta huce?"

Nan na gane inda ya dosa. Duk direbobin bakin tafki haka suke yi: mutum ya gangaro da gudu yana taka birki, ya zarce cikin ruwa har rabin taya, ya hau wanki. Ƙarfe mai zafi kuwa, idan ruwan sanyi ya taɓa shi, yana iya tsagewa. Maigida ya ce, "Na cikin hoton can, tun masana'anta anka yi shi haka. Kai ƙarfen ka raunana. Ɗauki tsofaffin fayafayan da anka cire ma waccan tasi, ka hau babur ɗina."

Na iske Bala ya gama wanki, ya gama lodi, mata sun hau kan kwanduna. A kujerar gaba kuwa Inna ce zaune, mahaifiyata, ta je sarin banda. Tana ganina ta ce wa matan, "Ga mai aikin nan. Shi ya yi wa motar ga ado."

Na durƙusa na leƙa ta tagar rim. A faifan hagu akwai tsaga siririya kamar gashi, ta haɗa huda uku, saura kaɗan ta kai baki. Na kira Bala na nuna masa. Ya ce ai ɗan zane ne kawai, zai kai Yelwa. Na ce masa wallahi motar nan ba ta tashi da uwata a ciki, kuma ba ta tashi da uwar kowa.

Aka sauke kaya, na ɗaga motar a kan jak, na canja fayafayan a gaban kowa. Mata suna ta mita rana na yi, Bala ya ɗaure fuska. Jan fentin kaɗai na bar masa. Da na gama, Inna ta miƙo mini ruwa ta ce, "Ashe adon ne kac cire." Na ce eh. Na ji kunya ranar fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Mutanenmu suna son mota ta yi kyau, kuma ba laifi ba ne. Amma tun daga ranar, kafin in taɓa birkin kowa sai na tambaye shi inda motar ke bi da wanda take ɗauka. Faifan nan mai tsaga shi ne kuke gani rataye a bayan ƙofar garejina, kuma ni na hana a sayar wa masu gwangwan.