Bangon Alhazai a Gidan Ɗaso

Duk wanda ya zauna a Tandabawi, unguwar Hausawa a Makka, ya san Ɗaso. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don ko a gidan rasuwa ba ta iya magana a hankali ba. Iyayenta daga ƙasar Katagum suka taso a ƙafa, shekara bakwai suna tafe suna yada zango, suna yi wa mutane noma a Sudan, har suka iso Makka uwar na ɗauke da tsohon ciki. Kwana tara da saukowa daga Arfa aka haife ta. Shi ya sa takan ce ita ta yi aikin hajji tun ba ta ga rana ba, wanda bai yarda ba ya je maƙabarta ya tambayi uwarta.

Ta auri Badamasi kafinta, mutum mai shiru, wanda in ya yi magana uku a yini an ce yau Malam ya yi surutu. Shi ya gina musu gida a gefen dutse, hawa uku, ɗaki bisa ɗaki, da matakala ƙunci-ƙunci wadda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace.

A zamanin, in watan hajji ya ƙarato, masu gida sukan kwashe komatsansu su koma saman rufi, su bar wa alhazai ɗakuna. A nan Ɗaso ta yi suna. Ita ce za ta shafe ɗakuna da farar ƙasa, ta wanke daɓe, ta shanya katifu a rana ta bubbuge su, ta jera su gefe da gefe, ta bi gidan da turaren wuta. Ranar da baƙi za su sauka sai ta ɗora miyar kuka, don ta ce mutumin da ya baro garinsu hancinsa ne ke fara sauka kafin ƙafarsa. Har maƙwabta suna kiranta ta duba musu nasu. Leƙawa ɗaya za ta yi ta ce, "Ɗakin nan mutum tara ne. Sha ɗaya in Fulani ne."

Maganar bangon kuwa daga wata tsohuwa mutuniyar Gumel ta faro. Ranar da za ta koma gida ta riƙe hannun Ɗaso tana kuka, ta ce ta san ba za ta sake ganin Ka'aba ba, don Allah in an je Harami a riƙa ambaton ta. Ɗaso ta ce, "Baba, ni kaina kamar rariya yake, me zan riƙe?" Sai Badamasi ya ciro fensirinsa na kafinta daga bayan kunne, ya rubuta sunan tsohuwar da na garinta a bangon matakala. Daga wannan shekarar ya zama al'adar gidan. Mai iya rubutu ya rubuta da hannunsa, wanda bai iya ba Malam ya rubuta masa da ajami. Ɗaso ba ta taɓa zama gaban malami ba, baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma kowane suna ta san wurinsa. Kowace Juma'a da safe, kafin ta tafi Harami, sai ta bi bangon da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Duk shekara a shafe gidan fari fat, ban da wannan bangon.

Wata shekara ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce da mijinta, "Malam, kowa da sunansa a nan har da wanda ya sace mini buta. Ni da nake tuƙa musu tuwo fa?"

Ya ciro fensirinsa. Ya je bayan ƙofar gida, daidai tsayin kanta, ya rubuta layi ɗaya. Ta ce me ya rubuta? Ya ce, "Ɗaso, mai gidan nan." Ta ce ƙarya ne, ta kira wani alhaji ya karanta mata. Haka ɗin ne.

Shekaru suka ja. Alhazai suka koma manyan otal masu sanyi, aka daina hawa rufi. Badamasi ya rasu. 'Ya'ya suka watse, babban, Talal, ya kama gida a unguwar Shisha. Aka bar Ɗaso da matakala da gwiwoyi biyu da suka daina jin magana. Sau biyu tana faɗuwa, a na biyun sai da maƙwabciya ta ji ihu ta ƙetaro. Talal ya zo ya zauna a gabanta ya ce, "Inna, halas, ya isa haka. A sayar da gidan ki dawo wurina." Ta zage shi son ranta, ya sunkuyar da kai har ta gama. Sannan ta ce to.

Aikin ya faɗo a hannun 'yarsa Manar, don ita ke aiki a ofishin dillalan gidaje. Mace ce mai kai, sai dai Hausarta in ta yi kalma biyu ta uku Larabci ce. Ta bugo wa kakarta waya ta ce, "Ya sitti, ranar Alhamis masu saye za su zo. Ki gyara gidan ya yi kyau."

Ɗaso ta ce, "Ni za ki koya wa gyaran gida? Tun ubanki yana fitsarin kwance nake wannan sana'a."

Kwana uku tana aiki da matan maƙwabta. Aka fito da katifun nan daga ɗakin ajiya, arba'in da uku, aka shanya, aka bubbuge. Ta sa aka jera su yadda ta saba, tara a nan, bakwai a can, kowace da matashinta. Ta jera butoci goma sha biyu a bakin banɗaki. Ta cika gidan da turare har ido na yaji, ta ɗora miyar kuka da daddawa. A ganinta ba abin da mai sayen gida zai so sani kamar mutum nawa gidan ke ɗauka.

Manar ta shigo da wani mutum da matarsa, sababbin aure masu neman inda za su zauna. Matar ta ja gefen mayafi ta rufe hanci. Mijin ya leƙa ɗakin farko, ya leƙa na biyu, ya juyo ya tambayi Manar da Larabci ko gida ta kawo su gani ko masauki. Ɗaso ta ji, don Larabcinta ya fi nasa tsufa. Ta ce, "Arba'in da uku yake kwana, yaro, ban da rufi!" Ko hawa na biyu ba su kai ba.

Da suka tafi Manar ta zube a kan katifa tana dariya har da hawaye.

"Yi ta yi," in ji Ɗaso. "Matar nan mai hanci kamar na ɓera. Wadda ba ta san ƙamshin daddawa ba me za ta yi da gida?"

"Ya sitti, su biyu ne! Biyu! Mai saye ba ya son ya ga mutanenki a ciki. So yake ya ga kansa."

Wannan maganar ta zauna wa Ɗaso. Washegari ta bari aka kwashe katifun aka kai gidan marayu. Manar ta shiga nata salon. Aka fitar da akwatunan ƙarfe, da kwanukan jere, da tsohon keken ɗinki. Aka bar kujera ɗaya a falo da ɗan tebur da tukunyar fure na roba. Aka sauke labulen Ɗaso masu kauri aka rataya farare shara-shara, aka buɗe tagogin da suka yi shekara ashirin a rufe. Aka gyara famfon da ke ɗiga. Mai fenti ya shafe ɗakuna. Ɗaso ta zagaya tana taɓe baki.

"Kamar gidan da ɓarayi suka shiga."

"Amma ya yi faɗi, ko ba haka ba?"

"Ya yi faɗi. Kabari ma in ba kowa a ciki faɗi gare shi."

Sai dai da mai fenti ya doshi matakala da gwangwaninsa, ya tarar da ita zaune a matakin farko, sanda a kwance bisa cinya. Ta ce duk wanda ya taɓa bangon nan zai bar hannunsa a wurin. Mutumin ya koma.

Aka kawo masu saye kashi uku. Duk suna yabon haske, suna yabon iska, sai sun zo matakala su yi turus. Bango ne baƙi-ƙirin da rubutu, fensir da biro da gawayi, wani a miƙe wani a karkace. Na ƙarshen, wani mai gemu, ya matsa ya duba, ya ga haruffan Larabci amma ya kasa karanta ko kalma, sai ya ja matarsa baya yana neman tsari, ya ce rubutun sihiri ne.

Ɗaso ba ta zage shi ba. Wannan ya fi komai tayar wa Manar da hankali. Tsohuwar ta zauna a kan matakala har aka kira la'asar.

"Baƙin Allah ne fa," ta ce daga baya. "Amana suka ba ni. In aka shafe su, wa zan ce wa Allah ya ji ƙai?"

Manar ta zauna kusa da ita a kan matakin. "Ya sitti, yaushe rabonki da hawa sama?"

"Ina ruwanki?"

"Shekara biyu. Baba ya gaya mini. To ranar Juma'a yaya kike yi da na saman?"

"Daga nan nake kiran su mana. Sai na hau?"

Manar ta dube ta. Sannan ta miƙe, ta kunna ɗaukar murya a wayarta ta ajiye a cinyar kakar, ta haye har ƙarshen matakala. Ta ce, "Yalla, fara. Ni ina dubawa."

Ɗaso ta rufe ido. Ta fara daga kusurwar sama ta dama. Alhaji Ɗanjuma Gaya, mai tari. Hajiya Tabawa Maraɗi da ƙanwarta. Malam Isiyaku Zariya, wanda ya ɓata kwana biyu a Mina aka same shi yana shan shayi da Turkawa. Mai sace buta, Allah ya yafe masa. Manar na saukowa mataki-mataki da yatsa a bango, tana haɗa haruffa da ƙyar, tana cewa, "Sah. Sah, daidai." Wani wurin rubutun ya goge sam, ba abin da ya rage sai tabo, amma Ɗaso ta faɗi sunan ba ta ko tsaya ba. Ɗari uku da wani abu. Na ƙarshe ita ce tsohuwar Gumel.

Da ta buɗe ido Manar na tsaye a gabanta, fuska jiƙe.

"To, kukan me?" in ji Ɗaso. "Kira mai fentin. Ashe bangon ne ya dogara da ni."

Sharaɗi ɗaya ta kafa, ba ta kuma gaya wa Manar dalili ba. Akwai wani ɗan akwatin katako na rataye makullai, aikin hannun Badamasi, mai ƙyaure ƙarami, ba shi da baya. Tun kafin mai fenti ya iso ta sa aka kafa shi a bayan ƙofar gida, daidai tsayin kanta. Ta ce a shafe ko'ina, a zagaye akwatin.

Sati biyu bayan haka wata mata mai suna Abir ta zo da mijinta da 'ya'ya huɗu, jikar mutanen Sakkwato ce, Hausarta guntu-guntu. Suka hau har rufi, yaran na tsere a matakala fara tas. Mijin ya ce gidan ya yi masa. Suna shirin fita Abir ta ga akwatin, ta miƙa hannu ta buɗe ƙyauren. Ɗaso na zaune a kujera ɗaya tilo da aka bari, ta ƙanƙame sandarta.

Matar ta daɗe tana kallon ɗan murabba'in tsohon bango da layin fensir a tsakiya. Leɓɓanta suka motsa. Ta waiwayo ta dubi tsohuwar, ta mayar da ƙyauren a hankali.

"Hajiya, akwatin nan, za ki tafi da shi ne?"

"Da gidan yake."

"To, a bar shi inda yake," in ji Abir. "Makullanmu ma suna da yawa."

Yanzu Ɗaso na Shisha, hawa na huɗu, na'ura ke kai ta ta sauko da ita, tana zagin na'urar kullum. Ta ce bangon gidan Talal santsi gare shi kamar kan mai sanƙo. Amma duk Juma'a da safe akan ga ta jawo kujera kusa da shi, ta ɗora tafin hannu, ta fara daga Alhaji Ɗanjuma Gaya, mai tari. In Manar na nan sai ta zauna tana bi. Ta haddace sunaye sittin da wani abu yanzu, kuma duk inda ta yi tuntuɓe sai ta sha zagi.