Tsohuwar da Yaya Saratu ta ajiye wa abinci

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Saratu makwancinta, amma har yau in na tayar da injin markaɗe da safe, ita ke fara faɗo mini a rai.

Yayata ce, ciki ɗaya. Wanki da guga take yi a wani otal a Barnawa, ni kuma ina tuyar ƙosai a Romi, muna haya a gida ɗaya tun rasuwar mijina. Da korona ta zo aka rufe otal, aka ce su zauna gida a kan rabin albashi. Ni a zatona rabi rabi ne. Ina! Sai an cire na fansho, sannan a yanki haraji a abin da ya rage. Kana zaune a gida, amma gwamnati ba ta manta da kai ba.

Ita ba harajin ne ya dame ta ba. Da ta ga abin da ake zuba mata a asusun fansho shi ma ya koma rabi, sai ta ɗaura ɗankwali, ta taka a ƙasa har wurin akantansu, ta ce a riƙa cike giɓin daga ɗan abin da ya rage mata.

Ranar na wanke ta tas. Ba ciniki, garin kwaki muke jiƙawa safe da yamma. Na ce, "Haba Yaya! Muna fama da yunwar yau, ke kina ta gobe?"

Ta ce, "Asabe, akwai wata tsohuwa tana tafe. Ba ta iya guga, ba mai ɗaukarta aiki. Ita ma za ta ci abinci."

Na ce to tsohuwar ta mutu mana. Haka na faɗa da bakin nan nawa, Allah ya gafarta mini. Kwana uku ba na kula ta, daga baya muka ci gaba da hira kamar ba a yi ba. Ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Yaya ba ta tsufa ba. Shekara na zagayowa hawan jini ya ɗauke ta. Da aka buɗe takardunta, sunana ta rubuta a matsayin magajiya. An sha zirga-zirga kafin kuɗin su fito, suka iske likita ya hana ni zama gaban hayaƙi saboda idanuna. Da su na sayi injin nan.

Da za ta dawo ta ji kuɗin mudun wake yanzu, sai ta riƙe baki. Na san kuma za ta tsare 'yan matan zumuntarmu a coci, tana tambayar wace ce ta taɓa duba takardar albashinta. Ina kewar wannan nacin nata, ina kewarsa ƙwarai.

Bana na cika sittin, gwiwoyi sun ƙi. Jiya da na zauna gaban tuwo na kasa kai loma. Yaya, tsohuwar da na ce ta mutu ta iso, kuma abincinki take ci. Ki yi haƙuri.