Ranar da na hana Baba buɗe zabira

Babana wanzami ne, kuma duk garinmu Lolo babu wanda bai san hannunsa ba. Har daga ƙetaren iyaka, ƙasar Benin, ake kawo masa yara ya cire musu beli, wannan ɗan naman da ke lilo a can cikin maƙogwaro. Nawa ma shi ya cire.

Ɗana yana da shekara biyu mura ta kama shi. Kwana biyu sai tarin ya juye, ya koma kamar haushin ɗan kwikwiyo, in ya ja numfashi kuma ka ji ƙara. Na goya shi zuwa asibiti. Malamar da ta duba shi ta ce ƙwayar cutar da ke kawo mura ce ta sauka maƙogwaro ta kumbura shi, hanyar iskar yaro kuwa dama ƙarama ce. Ta ba shi maganin kumburi, ta ce kada in bari ya yi ta kuka, kuma kada ƙarfe ya taɓa wuyan nan.

Ina dawowa na tarar da Baba zaune a tabarmata, zabirarsa ta kayan aski a cinya. Ranar kasuwa ce, ya bar masu jiransa ya taho.

"Miƙo shi, beli ne," in ji shi.

"Baba, ku yi haƙuri, ba za a cire ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Ke da na cire wa naki, mutuwa kika yi?"

Wallahi, ban taɓa musa masa ba. Amma yaron na bayana, ina jin yadda yake kokawa da numfashi. Na ƙara ɗaure zanen goyo na ce, "Sai dai ku fara yanka ni."

Ya rataya zabira ya fita. Kwana huɗu tarin ya lafa.

Gwaggona har yau cewa take na kunyata tsoho a kan sana'arsa. To, na kunyata shi, ya yi mini ciwo, kuma gobe ma haka zan yi. Yana amsa gaisuwata, yana cin tuwona. Amma duk jikokinsa shi ke musu aski, ɗana kaɗai ne ba ya taɓa kansa, sai dai in kai shi wurin wani wanzami.